Igiyar Baban Kalfu

Sun rushe garejinmu. Jikana ne ya ɗauko ni a babur zai kai ni awon ido, muka biyo ta hanyar, sai na ga babu katanga, babu ƙofar ƙarfen nan mai kuka, babu itacen bedin da muke sallar azahar a inuwarsa. Shaguna ne reras, wani na sayar da waya, na kusa da shi na gyaran ta. Na ce masa ya tsaya. Ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, bai ko kashe babur ɗin ba. Na nuna masa wurin da sanda na ce, "Nan niy yi shekara talatin da huɗu." Ja'irin ya waiwayo ya ce, "Wuri guda, tsoho? Ɗaure ka anka yi?" Na ɗaga sandar, ya kauce yana dariya. Ban ga laifinsa ba. Shi da bai cika talatin a duniya ba, wurin aikinsa na biyar ke nan, kuma na ji yana shirin barinsa.

Yanzu aiki kontara ne, wata shida ko shekara guda, in poroje, wato aikin da aka ɗauke ka dominsa, ya ƙare kowa ya kama gabansa. Ka tambayi yaro sunan wanda suka yi aiki tare bara, sai ya latsa waya ya duba. Ba na cewa su kaɗai ne da laifi, don wanda ya ɗauke su ma ba da niyyar riƙe su ya ɗauka ba. Mu kuwa a zamaninmu, in aka ce wane ya shiga sarwis, wato aikin gwamnati, to an san inda za a same shi har ya yi furfura. Ni sarwis ɗin ginin rijiya na shiga. Kawuna ne ya kama hannuna ya kai ni gaban shef, shugaban wurin, ba takarda ba komai. Shef ya dubi kafaɗuna, ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce in zo gobe. Jarrabawar ke nan gaba ɗaya. Ƙarfe bakwai mai gadi zai bugi wani tsohon ƙarfen taya da ke rataye a bedi, rabin Tawa na jin amonsa, mata a unguwa su ce 'yan rijiya sun shiga, a tashi yara zuwa lekol, makarantar boko. Shekara biyu na yi ina tankaɗe yashi, ina fasa tsakuwa, ina kankare busasshen siminti daga jikin felu, wato shebur, kafin a yarda in leƙa bakin rami. Da an gama girbi sai a loda mu a kamyo, babbar motar kaya, mu da buhunan siminti da ƙarafa da geronmu, a watsa mu cikin ƙasar Adar ekip-ekip, wato ƙungiya-ƙungiya. Ba mu dawowa zama gida sai hadari ya fara haɗowa.

Wanda ke sauka ƙasa a ekip ɗinmu wani dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, mutumin Kalfu, don haka kowa Baban Kalfu yake ce masa, har shef. Tun Turawa na nan yake yi wa sarwis ɗin gina. Masifaffe ne na ƙin ƙarawa. Ban taɓa jin ya yabi kowa ba. In ka tuƙa tuwo ya ci bai ce komai ba, to ka sa a ranka ya yi daɗi. In ka ajiye dagi ba inda ya saba ba, har kakanka sai ya sha ambato. Amma duk Adar an san in ya ce a gina nan, ruwa na nan ƙasa, komai nisansa.

Rijiyar ƙasarmu ba wasa ba ce. Gaba talatin, gaba arba'in, kana kallon mutum yana sauka har ya ɓace maka, sai duhu. Mutum huɗu ke jan igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa, amma guda ne mai ita. Shi ke zaune a baki, kusa da faifan icen da igiya ke bi ta kansa, wanda mutanen arewa ke kira takarkart, hannunsa a kan igiya, shi ke ba da umarni. Ƙa'ida uku ce. In na ƙasa ya ja sau ɗaya, guga ya cika, a ɗago. In ya ja biyu, a sako masa. In ya ja uku, a fid da shi yanzu-yanzu. Wannan ta ukun saboda mugunyar iska aka yi ta. Kullum da safe fitila muke fara saukarwa. In ta mutu, sai mu ɗaura damin ganye mu yi ta jan sa sama da ƙasa har iskar ramin ta sauya. To amma rami na yaudara. Fitila za ta ci lafiya da safe, rana na takewa, ko an fasa wata baƙar laka mai wari, sai iska ta lalace mutum na ciki. Ba da ciwo take zuwa ba, nauyin jiki ne da barci mai daɗi. Shi ya sa al'adarmu ita ce mai sauka shi ke zaɓen mai riƙe masa igiya, kuma in ya zaɓa ba a sauyawa. Ranar da Baba ya dube ni a yatsine ya ce, "Kai dogo, taho ka zamna nan, tun da ba ka da wani amfani," wallahi ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Shekara goma sha ɗaya na riƙe masa.

Baba ba ya aiki shiru. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa zai fara yi wa dutse faɗa, kamar mai fama da jaki mai taurin kai. "Kai ɗan banza, tun jiya nike lallashinka! To yau ko ni ko kai." In ramin bai yi zurfi ba muna jin kalmomin, matan ƙauye masu kawo mana fura su riƙe ciki don dariya. In ya yi zurfi kuwa, sai dai gunaguni ke tasowa, ba ya yankewa daga safe har a fid da shi cin abinci. Kunnena ya saba da shi har na daina sanin ina jin sa.

Wata rana kusa da Bambeye, a shekarata ta farko a bakin rami, gunagunin ya tsaya. Dagi ya ƙara sara biyu a hankali, shi ma ya yi shiru. Na jira ja uku, babu. Na daka wa masu ja tsawa, suka ja. Baba ya fito idanu jawur, leɓɓansa sun yi toka, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa. Muka kwantar da shi a inuwa muna yi masa fifita. Da ya samu bakin magana, abin da ya fara cewa shi ne, "Wa yac ce ka hiddo ni? Na ja ukku?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To in ƙara gani." Da marece muna cin tuwo kwano ɗaya, sai na ga ya turo ɗan naman da ke gabansa zuwa gabana, bai ko dube ni ba. Sau huɗu aka yi haka a cikin shekarun nan goma sha ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai ja uku ba. Na gane ba zai taɓa ja ba. Mutumin da ya ƙoshi da suna a ginin rijiya, a wurinsa neman a cece shi abin kunya ne, gara ya ƙarasa saran nan guda tukuna, sannan wani guda. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi. Sauran 'yan ekip sun ɗauka ni ne matsoraci mai saurin ja, suna yi mini ba'a, ni kuwa na bar su a haka don in rufa masa asiri.

Farin farko, na rashin ruwan sama, ya same ni ina sabon shiga, a cikinsa soja suka karɓi mulki. Mun ɗauka mun ga iyaka, ashe na biyu na tafe. Kai, Allah kada ya maimaita mana. Ruwa ya gudu ƙasa, rijiyoyin da muka gina da hannunmu suka koma ba da laka. In muna tafiya a kamyo sai mun toshe hanci saboda mushen shanu a gefen hanya. A ƙauyuka mata na jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin ba yara. Bayan garin Tawa ya cika da bukkokin mutanen arewa waɗanda dabbobinsu suka ƙare, suna layin jar dawar taimako. Sai umarni ya sauko daga sama, kuma soja ba ya faɗa sau biyu: kowane ekip a raba shi biyu, a cike gurbi da leburorin yini, a ƙara wa rijiyoyi zurfi ko'ina lokaci guda. Muna wani ƙauye arewa da Takanamat saƙo ya iso cewa an ba ni ekip nawa, in koma yamma. Ba zan yi ƙarya ba, na yi murna. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma wa ke ƙin a ce masa shef? Na je wurin Baba ina sunkuyar da kai, ya ce, "Tahi mana! So kake ka tsuhwa bakin ramina?"

Ni da kaina na zaɓi wanda zai gaje ni. Cikin leburorin da aka kawo mana akwai wani magidanci mai rawani, ya kai shekara arba'in, makiyayi ne da fari ya cinye wa raƙuma da shanu, ya bar iyalinsa a bukka bayan gari ya fito neman abin sa musu a baki. Tun yana yaro yake shayar da garke a rijiyoyi masu zurfi. Tafin hannunsa kamar ƙirgi. In ya taɓa igiya zai gaya maka inda za ta tsinke nan da wata guda. Gaskiya ya fi ni sanin igiya, ga natsuwa, ba ya hira a bakin aiki. Baba ya ƙare masa kallo bai yi tsaki ba, wanda a wurinsa amincewa ce babba.

Da safen da zan tafi na zaunar da shi a mazaunina, na ɗora hannunsa a kan igiya. Na ce ɗaya kaza, biyu kaza, uku kaza. Ya maimaita bai yi kuskure ba. Na nuna masa fitila da damin ganye. Saura magana ta huɗu, tana bakina: wannan tsohon ba ya jan uku, faɗansa za ka saurara, in ya yi shiru ka fid da shi ko zai zage ka. Amma Baba na zaune a kan kifaffen bokiti, taku uku daga inda muke, yana ɗaure igiya a ƙugu. Ta yaya zan buɗe baki a gaban mutumin da ya zame mini uba, in gaya wa baƙon jiya cewa girman kai ba ya barinsa ya nemi ceto? Na ce a raina bari in ja mutumin gefe. Direba kuwa sai danna oda yake, yana da ƙauye uku a gabansa. Baba ya ɗago ya ce, "Ka ƙare wa'azin? Ka hwaɗa mishi duka?" Ya kafe ni da ido. Har yau ban san ko izini yake ba ni ko gargaɗi ba. Na ce, "Duka, Baba." Na haye kamyo. Na yanke cewa ran Juma'a, in direba ya zo kawo siminti, zan ba shi saƙo ya kai wa mai rawani a asirce. Juma'a ta zo ta tarar da ni ina fama da ramin da yashi ke ruftawa, ina ta ba da umarni ina jin daɗin muryata. Sai da ƙurar motar ta ɓace na tuna. Na ce ba komai, wata Juma'ar.

Ba a kai wata Juma'ar ba. Ran Laraba na hango kamyo tafe ba ranar zuwansa ba. Direba ya sauko bai yi wasan da ya saba ba, ya ce mini, "Sai haƙuri, shef. Baba ya rasu cikin rami jiya da azahar." Sun riga sun binne shi a ƙauyen. Na zauna a kan tarin tsakuwa, hannuna sai motsi yake yana neman abin riƙewa.

An kira mu biro, wato ofis, a Tawa. Babban shef na bayan tebur, wani soja na zaune a kusurwa ya ɗora hularsa a gwiwa. Mai rawani na tsaye. Ya ce, "Hannuna na bisa igiya, ban ɗauke ba. Bai ja ba. Da nig ga guga ya daɗe, nic ce a ja, ashe lokaci ya wuce." Shef ya juyo gare ni ya ce, "Kai ka nuna mishi ƙa'ida duka?" Na ce na nuna masa ɗaya da biyu da uku, da fitila da ganye. Ba ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa. Shef ya ce to magana ta fito: mutumin da ya shekara talatin yana sauka rami ba zai ji iska ta lalace ya ƙi ja ba, leburan ne bai ji ba. Aka sallame shi nan take, aka ce ya gode Allah ba a rufe shi ba. Ni kuwa ina tsaye kamar an ɗinke mini baki. Tsoron sojan nan na ciki, da tsoron rasa muƙamin da bai yi sati biyu a hannuna ba. Na kuma ce wa kaina mutuncin mamaci nake karewa. Wannan ta ƙarshen ita na fi yawan gaya wa kaina, don ta fi daɗin ji.

Na ci gaba da aiki. Duk wanda na zaunar a bakin rami bayan nan, sai na gaya masa ya yi aiki da kunne fiye da hannu, amma ban taɓa faɗin inda na koyi haka ba. Injin haƙa ya zo, yana yin a sati abin da muke yi a rani guda. Sarwis ya yi ta ƙanƙancewa, masu sauka rami suka tsufa ba magada. Ranar da zan bar aiki aka yanka rago, aka ba ni takardar yabo, wani matashin shef ya miƙe yana cewa irinmu sun ƙare, masu riƙe wuri guda da amana. Na yi murmushi na karɓa. Akwai gaskiya a maganarsa. Daɗewa wuri guda na sa ka san abokin aikinka har abin da ba zai iya faɗa da bakinsa ba, kuma yaran yanzu ba za su taɓa ɗanɗana wannan ba, ina yi musu baƙin cikinsa. Su komai a rubuce yake, har wata 'yar na'ura gare su mai kuka in iska ta ɓaci, don ba wanda ya san wani. Da ina yi musu dariya. Amma daɗewar nan ita ce kuma ke sa ka riƙe sani a cikinka kamar naka ne kai kaɗai, ta kuma koya maka tsoron tashi daga inda ka zauna. Wannan ɓangaren ba a faɗinsa ranar yankan rago.

Bayan na bar aiki da 'yan watanni, wata Lahadi na shiga kasuwar dabbobi neman ragon suna. Wani tsoho na tsugune yana tsaron tumakin wani dillali. Ban gane fuskar ba, hannun na gane. Shi kuwa tuni ya gane ni. Ya miƙe ya ce, "Shef." Muka gaisa, na tambayi iyali, ya ce biyu sun rayu. Na fara taɓa bayan wani rago. Sai ya matso ya rage murya.

"Shef, don Allah in tambaye ka. Shekara ashirin ina son in tambayi wanda ya sani. Kai da ka daɗe kana riƙe mishi, in ya ja ukku, da ƙarhi yake ja ko a hankali? Ƙila ya ja ni ne ban ji ba. Tun ran nan ban ƙara taɓa igiyar rijiya ba, ko ta akuya guda. Kuma ka san mi? Kwana tara yana ta hwaɗa cikin rami, na ɗauka da ni yake, don ba ni ne nashi ba. Da yay yi shiru, wallahi daɗi nij ji. Nic ce yau tsoho ya huce da ni."

Na ce, "Bai ja ba, malam. Ba shi ja. Bai taɓa ja ba ko sau guda. Shirun nan shi ne alamar."

Ya kama hannuna da nasa biyu. Hawaye na bin kuncinsa suna shiga rawani, yana ta cewa alhamdu lillahi, Allah ya saka maka, Allah ya raya zuri'a, ka sauke mini dutse. Mutane har sun fara kallonmu. Da na yi shiru a nan, da mun rabu yana sa mini albarka. Sai ya saki hannuna, ya ce, "To amma kai, shef, yaushe ka gane haka?"

Na ce, "Tun kahin in ɗora hannunka bisa igiyar."

Ya ja amawalin rawaninsa ya rufe hanci har ƙarƙashin ido, ya miƙa wa dillali sandar kiwon, ya bi ta tsakanin raƙuma ya tafi, ba da sauri ba. Na buɗe baki in kira shi, sai na tarar ban san sunansa ba. Na koma kasuwar Lahadi bayan Lahadi har dillalin ya gaji da ni, ya ce mutumin ya kwashe iyalinsa ya yi arewa. Na bi tsofaffin abokan aikina gida-gida ina tambaya, ko zan samu sunan da zan aika neman gafara da shi. Ba wanda ya riƙe. Kwana tara kawai ya yi mana aiki.